Allurar rage ƙiba: Ozempic da 'yan uwanta, wa za ta yi wa amfani?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani a cikinmu ku warware min, wannan allurar da ake ta surutu a kanta wai Ozempic, da gaske ne tana rage ƙiba ko irin tallan shayin rage tumbi ne da muka saba gani a Instagram? Na ga wasu na cewa wai nan gaba kaɗan ƙiba za ta zama tarihi a duniya, ni kuma abin ya min yawa gsky

Ɗan Fagge: Wa alaikumussalam Anti. Ni dai a ganina lalaci ne kawai aka sa wa suna mai daɗi. Mutum ya rage tuwo da lemon kwalba, ya fita ya zaga filin ƙwallo da asuba shikenan, amma a'a sai allura. Turawa ne suka ga kasuwa

Likitan Gida: Wa alaikumussalam. Maman Ihsan da gaske ne tana aiki, ba irin shayin nan ba ce. Sunan sinadarin semaglutide, kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmark ne ke yi. Asalinta ma ba don ƙiba aka yi ta ba, maganin ciwon suga ne, hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Ozempic a 2017 don masu suga. Da aka ga masu yin ta suna ramewa sai aka ƙara ƙarfinta aka canja mata suna Wegovy, ita ce aka amince da ita don ƙiba a 2021. Yadda take aiki kuwa, dama in mutum ya ci abinci hanjinsa na fitar da wani sinadari GLP-1 wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, yana sa jiki ya saki insulin, yana kuma sa abinci ya daɗe a ciki kafin ya wuce. Na jikinmu cikin 'yan mintuna yake ƙarewa, na allurar kuma sai ya kai mako yana aiki, shi ya sa sau ɗaya ake yin ta a mako. A babban gwajin da aka buga a 2021, mutum 1,961, cikin mako 68 masu allurar sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu, waɗanda aka yi wa ta bogi, wadda babu magani a ciki, kuma kashi 2.4 kacal, alhali duka ɓangarorin biyu an sa su gyara cin abinci da motsa jiki. Kin ga mai kilo 100 ya sauke kusan 15 kenan. Akwai kuma ta kamfanin Eli Lilly na Amurka, tirzepatide, ana sayar da ita da sunan Mounjaro da Zepbound, ita a gwajinta mafi ƙarfin ta kai kusan kashi 21

Maman Ihsan: Ikon Allah. To Likita in mutum ya rame ya kai inda yake so sai ya daina ko?

Likitan Gida: Nan fa gizo ke saƙar. An bi sawun wasu daga cikin mutanen gwajin nan bayan sun daina, cikin shekara ɗaya kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke ya dawo. Yunwar tana dawowa ne kamar yadda take da. Shi ya sa mu muke kallonta kamar maganin hawan jini, ba ka cewa jinina ya sauka bari in ajiye ƙwayar

Ɗan Fagge: Yauwa kun ji ko! Ai abin da nake faɗa kenan, sun samu kwastoma na har abada. Allura duk mako har ka mutu, wlh ko mai sayar da data bai samu irin wannan cinikin ba hhh

Sista Manchester: Ƙanina Ɗan Fagge, maganar kasuwa na yarda da kai ɗari bisa ɗari, amma kalmar lalacin nan ce ban yarda da ita ba kuma ita ce ke sa mutane ɓoyewa. Ni aikin jinya nake yi a nan Ingila, kullum ina ganin mata masu shekara 50 da 60 da suka yi shekara da shekaru suna fama, yau sun daina cin burodi gobe sun shiga ajin motsa jiki, su sauke kilo biyar bayan wata shida ya dawo da riba, gwiwa ta lalace ga suga ga hawan jini, ka ce wa irin wannan ta je ta zaga filin ƙwallo da wace gwiwar? Jikin mutum in ya rame shi da kansa yake ƙara masa yunwa ya kuma rage yadda yake ƙona abinci, ba rashin zuciya ba ne. Abin da da yawansu ke gaya mana bayan sun fara allurar shi ne tunanin abincin nan da ke damunsu tun safe har dare ya yi shiru, wata ta ce ba ta taɓa sanin haka sauran mutane ke rayuwa ba. Kai da Allah ya ba ka jikin da ko ka ci kwano uku ba ya nunawa sai ka gode masa

Ɗan Fagge: Anti ai ni ma ba a kwance na samu ba, ƙarfe nake ɗagawa

Sista Manchester: Allah ya ƙara ƙarfi. Ka dawo mu yi maganar in ka kai 45 kana zaune a ofis daga 8 zuwa 5

Abu Yasir Houston: Ni ɓangaren kuɗin ne ya fi ɗaukar hankalina don a nan Amurka shi ne rigimar gaba ɗaya. Kusan kashi 40 cikin ɗari na manya a ƙasar nan suna da ƙiba irin wadda likitoci ke kira cuta. Wegovy da ta fito farashinta na takarda ya kai dala 1,349 a wata, daga baya da gasa ta yi zafi suka rage wa masu biya daga aljihunsu amma har yanzu ɗaruruwan daloli ne duk wata. Inshora wata ta biya wata ta ƙi, wasu wuraren aiki sun fara biya wa ma'aikatansu da suka ga kuɗin ya fi ƙarfinsu suka janye. To ku duba wa ƙibar ta fi kamawa a nan, talaka ne, baƙar fata da 'yan Latin, mutanen unguwannin da abincin gwangwani da soye-soye ya fi kayan lambu araha. Wa ya fi samun allurar kuma? Mai kuɗi da mai inshora mai kyau, har da 'yan fim da ba su da wata ƙiba sai son shiga riga. Tsorona shi ne nan da shekara goma ƙiba ta zama tambarin talauci ƙarara, da an gan ka da teɓa an san ba ka da kuɗin allura, wulaƙancin da ake wa masu jiki ya ƙaru maimakon ya ragu

Sista Manchester: Yaya Abu Yasir mu nan ma da lafiya kyauta ce a NHS, tsarin asibitocin gwamnati, abin bai tsira ba. Sun fara ba da Mounjaro ta hannun likitocin unguwa a watan Yunin 2025 amma kaɗan-kaɗan, mutum 220,000 a shekara uku na farko, sai wanda ƙibarsa ta yi tsanani kuma yana da wasu cututtukan a kai. Sauran kowa da kuɗinsa yake saya a kemis na intanet. Kuma a 2024 ministan lafiya Wes Streeting ya fito ya ce allurar za ta iya taimakawa a mayar da marasa aikin yi masu ƙiba bakin aiki, har aka sanar da gwaji a nan yankin Manchester tare da Lilly. Mutane da yawa abin ya ɓata musu rai, wai ashe ba don lafiyarmu ba ne don mu koma biyan haraji ne

Malam na Zariya: Assalamu alaikum. Neman magani dai halal ne babu wanda zai hana, wanda likita ya duba ya ga ƙiba na neman halaka shi ya yi. Amma kada mu manta an riga an koya mana raba ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi. Abin da ke ba ni mamaki shi ne duniya ta kai inda kamfani ɗaya ke sayar maka da abin da zai sa ka ci fiye da ƙima, wani kamfanin ya sayar maka da abin da zai hana ka ci, duka biyun kai ne ke biya

Abu Yasir Houston: Malam Allah ya saka da alheri, kuma wani lokacin ma kamfanin abincin ne ke bin ka har can. Nestlé ta fitar da wani jerin abincin firij a 2024 mai suna Vital Pursuit musamman don masu yin allurar, ƙaramin kwano mai yawan furotin. Tun a 2023 shugaban Walmart na Amurka, kamfanin manyan kantunan sayayya, ya ce sun lura masu allurar sun ɗan rage yawan abincin da suke saya. WeightWatchers kuwa, kamfanin da ya yi shekara sama da 60 yana tara mutane yana koya musu lissafin abinci, a 2025 sai da ya shigar da takardar karayar arziki. Oprah ma, shahararriyar mai shirin talabijin ta Amurka, da ke cikin hukumar gudanarwarsu ta sauka a 2024 bayan ta faɗa da bakinta tana amfani da maganin. Shi kuma Novo Nordisk a 2023 darajarsa a kasuwar hannun jari ta wuce duk abin da tattalin arzikin Denmark ke samarwa a shekara, ya zama kamfani mafi daraja a Turai na wani lokaci. Allura ɗaya fa

Hajiya Maradi: Ni kam dariya ma kuke ba ni wlh. Ku kuna maganar allurar ramewa mu nan yarinya in za a yi mata aure sai an bi ta da kunu da madara da ƙwayoyi don ta ciko, in ta rame a gidan miji a ce ba ya ciyar da ita ko kishiya ta sa ta gaba. Namiji ma in ya yi tumbi cewa ake Alhaji ya samu hutu. Wa zai sayi wannan a wurinmu?

Baffa Mai Kemis: Hajiya ai maganarki ita ce ta fi damuna a matsayina na mai zama a kanti. Kusan kullum sai an zo min neman sha ka fashe, galibi 'yan mata, kuma abin da ake haɗawa a ciki dexamethasone ne da cyproheptadine. Shi dexa ba ƙibar lafiya yake sawa ba, ruwa yake tarawa, fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, ya tayar da suga da hawan jini ya cinye ƙashi. Ina hana su su tafi kantin gaba su saya. To amma kar ki ce ba mai sayen ta ramewar, ana tambayata ita ma yanzu, matan manya da 'yan boko da masu zuwa Dubai da Umara. Wato gari ɗaya, wata na shan ƙwaya ta yi ƙiba wata na neman allura ta rame, wani lokacin ma mace ɗaya ce, ta sha dexa tana da 20 ta zo neman Ozempic tana da 40 suga ya kama ta

Hajiya Maradi: Innalillahi. Wannan gaskiya ne Baffa, na san irinsu

Baffa Mai Kemis: Sannan ga jabu. A 2023 a ƙasar Ostiriya an kwantar da mutane a asibiti bayan sun yi Ozempic na jabu, ashe insulin aka zuba a ciki sugansu ya faɗi warwas. A watan Yunin 2024 hukumar lafiya ta duniya WHO ta fitar da gargaɗi an kama na jabu a Birazil da Birtaniya da Amurka. In ƙasashen da ke da tsauraran dokoki an shigar musu, ina ga mu da ake sayar da magani a tire a tasha? Kuma abu ne da sai an ajiye shi a firij kafin a fara amfani da shi, bayan an fara ma kada zafi ya wuce digiri 30. Ku gaya min wanda ya taho da ita a akwati ya ajiye a shago a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu ba wuta kwana biyu, me ya rage a cikinta

Ummu Khalil: Likita don Allah illolinta fa? Kowa sai yabo yake, ni kuma duk maganin da aka cika yabonsa tsoro yake ba ni

Likitan Gida: Tsoronki na da dalili 'yar uwa, don tarihin maganin ƙiba ba shi da kyau. Fen-phen an janye shi a Amurka a 1997 saboda yana lalata bawul ɗin zuciya, sibutramine an janye a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, a Faransa ma Mediator sai 2009 aka cire shi bayan ya yi ɓarna har aka kai kamfanin kotu. Bambancin wannan shi ne dangin maganin sun daɗe a hannun masu suga, na farkonsu exenatide tun 2005 yake kasuwa, kuma abin mamaki daga dafin wani ƙadangare na hamadar Amurka aka samo asalinsa. Sannan an yi gwaji kan mutum 17,604 masu ƙiba da ciwon zuciya amma ba su da suga, aka ga Wegovy ta rage bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 20 cikin ɗari. To wannan ba maganar kwalliya ba ce kuma. Illolin da aka fi gani tashin zuciya, amai, gudawa ko kuma bayan gida ya ƙi fita, musamman a farko, shi ya sa ake farawa da miligiram 0.25 a hau a hankali cikin watanni har 2.4. Waɗanda ba a cika gani ba amma masu haɗari akwai tsakuwar matsarmama da kumburin fankiriyas, wato gaɓar da ke yin insulin. Wanda a danginsu akwai wani nau'in kansar tayirod, wato wata gaɓa da ke gaban wuya, ba a ba shi sam. Mai ciki ba ta yi, mai neman ciki ta daina semaglutide aƙalla wata biyu kafin nan. Kuma Mounjaro na iya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa ta sha, hukumar magunguna ta Birtaniya ta ja kunne a kan haka a 2025

Ummu Khalil: Toh fa. Wannan ta ƙarshen ai sai a yi ta shela, mata nawa ne suka sani

Likitan Gida: Kaɗan ne. Kuma ba kowa aka yi wa ita ba, ƙa'idar ita ce awon BMI, wato lissafin nauyin mutum da tsayinsa, ya kai 30, ko 27 in akwai wata cuta kamar hawan jini ko suga. Ba don mai son ta shiga leshin biki ba ce. A 2022 da 2023 masu irin wannan ne suka taimaka wajen ƙarar da Ozempic a kasuwa har masu ciwon suga na gaske suka rasa, sai da hukumomin Birtaniya suka ce wa likitoci su daina rubuta ta don rage ƙiba kawai

Ɗan Fagge: To Likita tsakani da Allah, in kowa ya koma allura wa zai sake maganar lemon kwalba da indomi da yaran da ba sa fita wasa sai waya? Gwamnati ma sai ta ce ai akwai magani

Likitan Gida: A nan kam ina tare da kai. WHO ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na da ƙiba, sama da biliyan ɗaya, ba kamfanin da zai iya yi wa biliyan allura duk mako ko da kyauta ce, kuma allurar ba ta hana yaro ɗan shekara 8 fara tara ƙibar. Mu a Najeriya harajin da aka sa wa lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021 naira 10 ne a lita, naira goma fa, ko alawa ba ta saya yanzu. Kuma ga wani abu da zai maka daɗi, nauyin da ake saukewa ba kitse ba ne zalla, har da tsoka ake asara, ga tsofaffi wannan matsala ce babba don ƙarfin tashi da tafiya ne ke raguwa. Shi ya sa duk wanda ke yin ta muke cewa ya ɗaga ƙarfe ya ci wake da ƙwai da kifi

Ɗan Fagge: Alhamdulillah ashe dai ba za a rufe mana jim ba

Maman Ihsan: Ni duk bayanin nan abin da na fahimta ba tamu ba ce. Ko dala 200 aka ce a wata ai ya ninka mafi ƙarancin albashi na 70,000 fiye da sau uku, kuma a ce har abada

Abu Yasir Houston: A yanzu haka ne Maman Ihsan, amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Haƙƙin mallakar semaglutide 2026 ne ƙarshensa a Indiya da Sin da Birazil da Kanada, kuma kin san yawancin magungunan da ke kantin Baffa daga Indiya suke zuwa. Haka aka yi da maganin HIV, da farko sai mai kuɗi, da kamfanonin Indiya suka shigo farashin ya faɗo ƙasa. A watan Satumban 2025 WHO ta sa irin waɗannan alluran a jerin magungunan da ta ce ya kamata kowace ƙasa ta tanada, duk da dai don masu ciwon suga ne da ke da ƙiba da ciwon zuciya ko ƙoda, ba kowane mai jiki ba

Baffa Mai Kemis: Ranar da ta yi araha ita ce ranar da ni hankalina zai fi tashi Alhaji. Yanzu tsada ce ke tsare mana mutane. Ran da ta dawo kuɗin katin waya za ka ga ana yi wa amare ita a gidan gyaran jiki, mai lalle ce za ta riƙa soka wa mutane ba awo ba gwajin jini ba tambayar ko tana da ciki. Masu suga na gaske da ke zuwa min kullum da ƙafa ta fara ruɓewa su nake wa fatan ta iso, amma in NAFDAC da hukumar masu haɗa magunguna ba su tsaya a kan sai da takardar likita ba, yadda tiramol da kodin suka yi mana haka za a sake

Slim Queen Kayan Gyara: Salam yan uwa akwai original Ozempic daga Dubai da sauƙi, ba sai da likita ba, muna turawa ko'ina a Najeriya da Nijar, mai so ta min magana ta DM

Sista Manchester: La ilaha illallah. Baffa ko rufe baki ba ka yi ba

Baffa Mai Kemis: Baiwar Allah a wane firij kike ajiye ta, kuma lambar NAFDAC ɗinta nawa?

Admin: Na goge lambar wayar da ta saka kuma na cire ta. Don Allah duk wadda ta riga ta tura mata saƙo kar ta tura kuɗi. Likita in ka samu lokaci ka rubuto mana gwaje-gwajen da ya kamata mutum ya yi kafin ya fara in maƙala shi a sama

Likitan Gida: In sha Allah bayan isha'i, yanzu ina da marasa lafiya a layi